Tambaya da Amsa: Yadda alamomin rubutu ke zama adon riga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ina son in fara buga tishat ina sayar wa 'yan'uwana ɗalibai, amma ban iya zane ba ko kaɗan. Na ga wata riga da aka yi wa ado da alamar tarawa da waƙafi kawai, ta yi kyau ƙwarai. Yaya ake yin irin wannan, kuma wane bugu ya dace da shi? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Rashin iya zane ba zai hana ka wannan sana'a ba, domin duk alamar da ke kan madannan kwamfuta wani gwani ya riga ya zana ta. Naka aikin shi ne maimaitawa da tazara. Ka ɗauki hular da ke kanka ka duba da kyau: mai ɗinkin fasali ɗaya ko biyu ya kama, ya yi ta jera su har suka zagaye hular, kuma daidaiton tazarar ne ya sa ta yi kyau. Haka za ka yi.

Ka fara da alama ɗaya tak. Ni waƙafi na fi so a fara da shi, saboda yana da kai da wutsiya, ko yaya ka juya shi sai ya ba ka wani abu. Ka ƙara masa girma har ya kai santimita 2, ka kwafe shi sau huɗu, kana juya kowane da digiri 90 a kan tsakiya guda. Za ka ga fure ya fito. Idan shida ne sai ka juya da digiri 60, takwas kuma 45. Baka biyu idan suka haɗa baki suna ba da ganye. Karkataccen layi da kishiyarsa suna ba da haƙoran zarto. Alamar tarawa kuwa, da ka karkata ta da digiri 45 ta koma ta ninkawa, sai ka cakuɗa su biyun layi-layi.

Wurin jerawar ne masu farawa suke ɓata aiki. Idan ka jera komai a miƙe, sama da ƙasa a kan layi guda, adon zai yi sanyi, ido ya gaji da shi nan da nan. Ka gusar da kowane layi na biyu da rabin tazara, yadda alamar ƙasa za ta faɗo tsakanin biyun da ke samanta. Sannan ka bar fili. Tazarar da ke tsakanin alamomi kada ta gaza rabin faɗin alamar kanta. In ka gama, ka ƙanƙantar da zanen a allon waya ka miƙe hannu ka kalle shi. In ya cuɗe ya zama dunƙule, haka mai tahowa daga nesa zai gan shi a ƙirjin mai riga.

Akwai dukiyar da nake jin takaicin yadda muke barin ta: haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ƙugiyar da ke kansu ado ce da kanta. Ka juya ƙ sau shida a da'ira ka ga abin da zai fito, kuma Bahaushe na ganin rigar zai san tasa ce. Ba kowane salon haruffa ke da su ba, amma Noto Sans na da su, kuma salon da ke Google Fonts an yarda a yi kasuwanci da su kyauta. Haruffan Larabci da na ajami kuwa ina roƙonka ka yi hattara. Riga ana shiga bayi da ita, ana jefa ta cikin wanki. Sunan Allah ko aya ba su da wuri a nan, kuma haruffan da ka jera don ado na iya haɗuwa su ba da kalmar da ba ka nufa ba.

Game da manhaja, CorelDRAW ce za ka fi tararwa a shagunan bugu. In ba ka da ita, Inkscape kyauta ce. Kafin ka kai aiki, ka zaɓi komai ka danna Ctrl da Q a CorelDRAW don haruffan su koma zane. In ba haka ba, kwamfutar mai bugu za ta musanya maka salon da ba ta da shi.

Yanzu bugu. Ka tuna garin da kake: daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma duk inda roba ta rufe yadi, iska ba ta ratsawa. Wannan ne ma ya sa adon alamomi ya dace da mu, tunda akwai fili tsakaninsu. Idan riguna da yawa za ka buga da launi ɗaya ko biyu, bugun sikirin, wato wanda ake tura tawada ta cikin raga, ya fi araha da ƙarko, domin kowane launi ragarsa daban, da an haɗa ta kuma sai dai a yi ta bugawa. Fileks, wato robar da ake yankawa a manna da injin zafi, ba na ba ka shawararsa ga ƙananan alamomi: kowace sai an cire ragowar robar da ke kewaye da ita da hannu, kuma siririyar wutsiyar waƙafi ita ke fara ɓamɓarewa. Ga riga ɗaya zuwa goma, DTF ya fi, wato a buga zanen a kan leda sannan a manna shi a riga da injin zafi. Ka ba masu bugu hoton PNG marar bango, mai ƙarfin 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), a ainihin girman da kake so. Bugun da tawada ke shiga cikin zare da turiri kuwa sai yadin foliyesta mai haske, ba ya zama a auduga.

Abu ɗaya da zai iya ba ka mamaki: yawancin injunan zafin da ake matsa bugu da su ba su wuce girman takardar A3 sosai ba. Rigar da ka ga ado ya mamaye ta har hannu, galibi yadin aka buga kafin tela ya ɗinka. Don haka ka fara da ƙirji, ko ɗamara guda da ta ratsa gaba, ko ɗan aljihu. Ka buga ɗaya, ka juya cikinta waje ka wanke ta sau uku, ka shanya a inuwa, kada guga ya hau kan bugun. In ba ta tsage ko ta ɗaye ba, sai ka karɓi kuɗin mutane.