Tambaya da Amsa: Me ya sa ake gwada halin yaro kafin a ɗauke shi wasan besbol?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena yana karatu a wata jami'a a Amurka, yana kuma buga wa makarantar besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a maka mata kulki. Ya ce wasu ƙungiyoyi sun aiko masa da tambayoyi a kan halinsa, wai kafin zaɓen 'yan wasa. Mu nan gida abin ya ɗaure mana kai. Aure zai yi da za a tsaya binciken hali? Me suke nema, kuma yaya zai amsa?
Daga wani mai karatu a Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, ai kusan binciken auren ne, sai dai sadakin nan da dala ake biya.

Babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, tana da ƙungiyoyi 30. Tun 1965 suke raba sababbin 'yan wasa ta hanyar zaɓe bi da bi, kowace ƙungiya ta ɗauki ɗaya idan layi ya zo kanta. Daga 2021 zagaye 20 ake yi, a watan Yuli, wato yara ɗari shida da 'yan kai. Na sahun gaba ana damƙa musu miliyoyin dala tun ba su buga wasa ko ɗaya ba, kuma yawancin waɗanda aka zaɓa sai sun yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi, da yawa ma can suke ƙarewa.

Jiki yana da sauƙin aunawa. Masu farautar 'yan wasa suna ba da maki daga 20 zuwa 80 a kan abu biyar: iya dukan ƙwallo, ƙarfin dukan, gudu, cafe ƙwallo da ƙarfin jifa. Maki 50 shi ne matsakaici. Abin da agogo ba ya nunawa shi ne zuciya, kuma wasan nan mai cin rai ne: wasa 162 a kaka ɗaya, sannan gwanin da ake yabo, in ya fito dukan ƙwallo sau goma, sau bakwai yake komawa hannu rabbana. Yaron da ya saba zama zakara a unguwarsu, yaya zai yi ranar da ya kwana goma bai taɓuka komai ba? Amsar da suke nema ke nan.

Tsohuwar takardar gwajin hali da aka fi sani ita ce Athletic Motivation Inventory, wadda Bruce Ogilvie da Thomas Tutko da Leland Lyon suka tsara a ƙarshen shekarun 1960. Tambayoyi 190 ne, suna auna halaye 11, ciki har da himma, naci, yarda da kai, danne fushi, jin maganar koci, shugabanci da ɗaukar laifi idan an yi kuskure. Yau ƙungiyoyi da dama suna da nasu tambayoyin, a waya ko kwamfuta. Bayan takarda akwai hira ido da ido, musamman a taron gwaji da MLB ta soma a 2021 a garin Cary na jihar Karolina ta Arewa. Akan kuma tuntuɓi kocinsa da malamansa, a kai wa iyaye ziyara inda hali ya yi.

Ga inda yara suke faɗawa rami. Sai yaro ya zauna yana lissafin amsar da za ta burge, ya ce bai taɓa fushi ba, bai taɓa jin tsoro ba. Masu tsara irin wannan takarda sun san da haka, shi ya sa sukan maimaita tambaya ɗaya da wata siga can gaba, su kuma saka wasu da mai gaskiya ba zai ce "ban taɓa ba". Idan amsoshin suka yi karo, ko suka yi kyau fiye da kima, sai a daina yarda da takardar baki ɗaya.

Akwai kuma ramin da ya fi shafar namu. Yaron da ya tashi a Garwa ko Marwa an hore shi da kunya: ba ya yabon kansa, ba ya ƙura wa babba ido. In aka tambaye shi ko yana ganin ya fi abokan wasansa, tarbiyya za ta sa ya ce a'a, takarda kuma ta rubuta masa rashin yarda da kai. Ku gaya masa ya faɗi abin da ya san ya iya ba ragi ba ƙari, a hira kuma ya ɗaga kai. Ya cika takardar shi kaɗai, a natse, ba cikin dare bayan wasa ba. Kalmar da bai gane ba ya tambaya.

Kada kuma ku ɗauki takardar nan kamar duba. A 1991 ƙungiyar New York Yankees ta ɗauki Brien Taylor na ɗaya a duk ƙasar, ta ba shi dala miliyan 1.55. A 1993 ya ji ciwo a kafaɗa wurin wani faɗa, bai taɓa buga babbar gasa ba. Mike Piazza kuwa sai a zagaye na 62 aka ɗauke shi a 1988, bayan mutum 1,389, ya ƙare cikin fitattun da aka karrama a 2016.

TAMBAYA: Ina horar da yara ƙwallon ƙafa. Yaronmu na nan zai iya shiga wannan zaɓe? Ni ma in nemo takardar in gwada nawa?
Daga wani koci a Njamena

AMSA: Zaɓen na mazauna Amurka ne da Kanada da Fwato Riko, da baƙin da ke karatu a makarantunsu. Wanda ke Cadi ko Kamaru sai dai ƙungiya ta sa hannu da shi kai tsaye, daga shekara 16. Ta wannan ƙofa Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya bi, har ya buga wa Pittsburgh Pirates a 2017.

Takardar kuwa, Malam, ba mu ba ka shawara ba. Da Turanci aka rubuta ta don yaran Amurka, in ka juya ta zuwa Faransanci ko Larabcin Cadi ma'aunin ya tashi aiki. Ka sayi littafin rubutu, kowane yaro da shafinsa. Wata uku kana rubuta lokacin da ya iso fili, abin da ya yi bayan ya zubar da fanareti, da yadda fuskarsa take ranar da ka ajiye shi a benci.