Ga ƙanwata ta Agege: "sensitive" yabo ne ko gori?

Ƙanwata, saƙonki ya iso, sannu da aikin dare. Kin ce a asibitin da kike aikin jinya can Legas, duk ranar da aka yi miki tsawa kika ɓata rai, sai babbar nas ɗinku ta ce kin cika "sensitive". Yanzu kuma kin ga tallar aiki a Ingila ana neman wadda take "sensitive" ga bukatun majinyata. Shi ne kike tambaya, halin nan abin nema ne ko abin gudu?

Duka biyun Turanci ne mai kyau, kuma ba su ci karo da juna ba. Tushen kalmar Latin ne, ma'anarsa ji. Abin dubawa kawai shi ne, ciwon wa kike saurin ji? In na wani ne, yabo ne. In naki ne, to gori ake miki, ana cewa abu kaɗan ke taɓa ki, ba kya ɗaukar wasa. Ki saurari abin da ya raɓi kalmar. In "too" ko "over" ya zo gabanta, suka ce. In "to" ya biyo bayanta, aka ambaci halin da wani yake ciki, nan ne masu ɗaukar aiki suke so ki tsaya.

Wannan na yabon mu ma muna da shi, kara da lura da sanin ya kamata. Sai dai tamu karar yawanci shiru ce, a gani a kau da kai don kada mutum ya ji kunya. Su a nan Ingila suna so a ga alamarta a aikace. Ga dattijo a gado, an kawo abinci ya ture tiren gefe, ya juya fuska bango. Wata za ta rubuta "bai ci ba" ta wuce. Wadda suke nema za ta ja labule tukuna, ta jawo kujera ta zauna don kada ta tsaya masa a ka, ta tambaye shi da wane suna yake so a kira shi. A hankali za ta gano cewa cokalin ne ba ya iya riƙewa, hannunsa na rawa, kuma ba ya so na gadon kusa ya ga ana ba shi a baki. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce wayyo ba. Ta lura, ta rufa masa asiri. Ko awon jini za ki yi sai kin nemi izini kafin ki kama hannu, kuma ba a kiran mutum da lambar gadonsa a gabansa.

Tunda kin ce OET za ki rubuta, wato jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, ki san cewa ana auna wannan halin a ɓangaren magana. Za a ba ki kati, mai jarrabawa ya zama majinyaci ko ɗan'uwansa, kuma akwai maki a kan yadda kika saurare shi da yadda kika fahimci damuwarsa. Hukumar NMC da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman B a karatu da sauraro da magana, C+ a rubutu. In IELTS ce, wato ɗaya jarrabawar Turancin, 7 a waɗancan ukun, 6.5 a rubutu. Na ga masu Turanci kamar ruwa da suka sha wuya a nan, domin mutum na cewa yana tsoron tiyata, su kuma suna ta zuba masa bayanin magani.

Kada ki haɗa "sensitive" da "sensible", wannan mai hankali ne, mai tunani kafin ya aikata. Maƙwabtanku 'yan Nijar da suka yi bokon Faransanci sun fi faɗawa wannan ramin, don a Faransanci "sensible" ɗin ce ke nufin mai saurin ji a rai. Za kuma ki ga kalmar "sensitive" a kan takardu, a nan tana nufin bayanin da ba a bazawa, kamar cutar mutum ko addininsa. Dokar Birtaniya ta kare bayanai ta 2018 ba ta wasa da wannan, hoton fayil ɗin majinyaci a WhatsApp na iya raba ki da lasisinki. A jikin man shafawa ko na goge baki kuwa, fata ko haƙori mai saurin jin zafi ake nufi.

Saura ɓangaren gorin, wanda na san shi ya fi ci miki rai. Wadda ta saba shiga danfo daga Agege zuwa Oshodi, kwandasta ya zage ta kan canji ta rama ta manta kafin a sauka, ba za a kira ta mai raunin zuciya ba. Amma zafin Legas a fili yake, na nan a lulluɓe. Ba mai ɗaga miki murya. Sai dai wani ya yi shaguɓe a kan hijabinki ko yadda kike furta wata kalma, ana dariya a ɗakin shan shayi, in kin nuna ba ki ji daɗi ba ya ce wasa ne, kin cika "sensitive". Sau da yawa wannan jimlar hanyar rufe baki ce, a mayar da laifin kan wanda aka ɓata wa. Ni a ganina sau ɗaya a yi kawaici, in ya maimaita a rubuta rana da lokaci da abin da ya faɗa, a kai wa shugaban sashe. Dokar daidaito ta 2010 ta hana cin zarafi a wurin aiki saboda addini ko launin fata.

In an tambaye ki a intabiyu ko ke "sensitive" ce, kada ki ce e ki yi shiru, kada kuma ki musanta. Ki kawo labarin majinyaci guda da kika gane damuwarsa tun bai faɗa ba, da abin da kika yi masa, ba tare da kin ambaci sunansa ba. Na tabbata kina da irinsu da yawa. Ki gaishe min da Hajiya, ki turo min ranar jarrabawar in ta fito.