Zuwa Iskandariya kai kaɗai

Ɗan'uwa, tambayarka kan ko mutum zai iya zuwa Iskandariya shi kaɗai daga Alƙahira, wallahi ba wata matsala. Ka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis, kamar awa 3 ne ka isa. Ka fara da unguwar Anfushi, nan masallacin Abul Abbas Almursi yake, ga kabarin Imam Busiri dab da shi, sai ka taka a ƙafa ta bakin teku har ganuwar Ƙaitbai da aka gina a 1477, masunta na gyaran koma a gefe. Kifi kuwa kai za ka zaɓa a auna maka kafin a gasa, amma dan Allah ka tambayi kuɗin kilo tukuna. In lokacin sanyi ne ka riƙe rigar sanyi, ana ruwa sosai a can.