Ruwan gidan maƙwabcina ya kayar min da katanga, zan iya toshe masa hanya?

Tambaya: Barista, ina zaune a Badariya, Birnin Kebbi. Maƙwabcina da ke sama da ni ya yi wa gidansa ciko da jar ƙasa, ya shimfiɗa intalok, ya kuma fasa kafa a katangarsa ta wajena. A ruwan watan Agusta katangar bayan gidana ta zube. Da na yi masa magana sai ya ce ruwan Allah ne. Ina da takardar mallakar filina. Ina so in toshe kafar da siminti, sannan in kai shi kotu.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Abin da zan faɗa a kan bayaninka kaɗai na ɗora shi, don ban ga wurin ba, ban kuma ji ta bakin maƙwabcin ba.

Na lura ka ɗauka cewa tunda kana da takarda, ko ɗigon ruwan wani bai da ikon shigowa filinka. Ba haka abin yake ba. Takardar da ake bayarwa ƙarƙashin dokar amfani da filaye ta 1978 shaida ce ta haƙƙin zama a filin, ba ta canza gangaren ƙasa. A mafi yawan lokuta, wanda gidansa ke kwari dole ya haƙura da ruwan saman da ke gangarowa daga tudu yadda ya saba bi tun asali, kuma na saman ba ya biyan diyya don kawai Allah ya ajiye shi a sama. Da a ce ƙorafinka ke nan, da na ce kada ka ɓata kuɗinka.

Inda kake da abin riƙewa shi ne abin da ya yi da hannunsa. Tsakar gida mai rairayi tana shanye wani kaso na ruwa, ragowar ya bazu a hankali. Da zarar an yi ciko an rufe da intalok ko daɓen siminti, kusan duk abin da ya sauko daga kwano da indararo yana taruwa ne ya fita lokaci guda. In kuma kafa ɗaya aka bar masa, kuma tana kallon gindin katangarka, to an tara ruwa an auna shi wuri guda. Wannan kotu za ta iya kallonsa a matsayin cutar da maƙwabci ko sakaci. Maganarsa ta "ruwan Allah ne" gaskiya ce, amma ba ruwan ne ya fasa kafar ba.

Wataƙila wani lauya ya ambata maka shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868 a Ingila, wadda kotunan Najeriya ke aiki da ita. Can madatsar ruwa aka gina ta ɓalle ta cika ramin haƙar kwal na maƙwabci. Ban cika son jingina ƙarar ruwan rufin gida a kanta ba. In ku biyun Musulmi ne kuka je kotun shari'a, ginshiƙin zai zama hadisin "ba cuta, ba cutarwa", kuma malaman Malikiyya suna bambanta cutarwar da aka tarar da wadda aka ƙirƙiro daga baya. Don haka tambayar farko da alƙali zai iya yi ita ce: yaushe aka fasa kafar, kuma me ka yi tun lokacin? Dogon shiru na iya rage ƙarfin ƙararka.

Batun toshewa da siminti kuwa, kada ka soma. Katangar tasa ce. Ka taɓa ta, sai a wayi gari kai ne a ofishin 'yan sanda ana maganar shiga haƙƙin wani da ɓarnata dukiya, in kuma ruwan ya koma ya cika masa ɗakuna, shi ma ya samu abin ƙara. Kare gindin katangarka daga cikin filinka ba laifi ba ne, hasali ma kotu na sa ran ka rage wa kanka asara.

Ka kuma shirya jin abin da lauyansa zai ce: katangar ta ƙasa ce ko ta bulo, shekararta nawa, tana da harsashi, kuma kwatar layinku a buɗe take ko leda da yashi sun cike ta? In kwatar ce ta toshe ruwa ya dawo, laifin ya rabu, diyyar ma za ta ragu. Abin da zai taimake ka shi ne bidiyon da aka ɗauka ana tsaka da ruwa, wanda ke nuna ruwan na fitowa daga kafar yana dukan katangar, sai ƙiyasin magini ko injiniya a rubuce. Kotu ba ta biyan asarar da aka faɗa da baki kawai.

Shawarata, fara da mai unguwa, a je wurin da ku biyun da magini. Sau da yawa bututu ɗaya da zai kai ruwan kwatar titi ya kashe maganar, kuma kuɗinsa bai kai na shigar da ƙara ba. In ya ƙi, kai takardar koke ga hukumar raya birane ta jiha, KUDA, su duba ko cikon da kafar sun dace da izinin gininsa. Duk abin da aka cimma a rubuta: wa zai sa bututu, wa zai tayar da katanga, zuwa wace rana, shaidu su sa hannu. In duk wannan ya ci tura, lauyanka zai rubuta masa wasiƙar gargaɗi, sannan a nemi umarnin kotu da diyya. Sai dai ka sani shari'ar na iya cin damina fiye da ɗaya, don haka a fara zaman sulhun tun da rani, kafin ruwan watan Yuni ya sauka.