Takardar ƙuri'ar yajin aiki ta iso, ni kuwa da biza nake aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a wata kwalejin sana'a da ƙarin ilimi a arewacin Ingila. Shekarata ta biyu ke nan, kuma da bizar aiki na zo, kwalejin ce ta tsaya mini. Na shiga ƙungiyar malamai ta UCU ne don abokan aiki sun matsa. Yanzu ga ambulan ya zo ta gidan waya, wai mu jefa ƙuri'a kan yajin aiki saboda albashi. Maigidana ya ce in tura shi cikin durowa in manta, kada mu jawo wa kanmu. Ni kuma 2022 nake tunawa, da ƙanena ya kwashe wata takwas a gida saboda yajin ASUU. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tashi ki ɗauko ambulan ɗin nan tukuna, sannan mu yi magana.

Bari in fara da abin da ke hana maigidanki barci. A 2018 ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta gyara ƙa'idar biza, ta cire kwanakin halastaccen yajin aiki daga lissafin fashin da ke iya shafar zaman baƙon ma'aikaci. Ƙuri'ar kanta a asirce take, kuma ba dole ba ne ki sanar da shugaban sashenku ko za ki shiga yajin. Abin da zai taɓa ki shi ne aljihu: ranar da ba ki yi aiki ba za a yanke kuɗinta. Ƙungiyar tana da asusun tallafi, ki tambayi wakilinku yadda ake nema.

Maganar ASUU kuwa, ajiye ta gefe. A gida, ASUU da ASUP ta malaman foliteknik da COEASU ta malaman kwalejojin ilimi da gwamnatin tarayya suke kokawa, teburi ɗaya, shi ya sa in aka rufe sai a rufe ko'ina. Ingila ba haka take ba. Tun 1993 aka zare kwalejoji daga hannun ƙananan hukumomi, kowace ta zama mai cin gashin kanta. Akwai ƙungiyar kwalejojin, AoC, wadda kan zauna da UCU da ƙungiyar ma'aikata ta Unison da sauransu duk shekara ta ce ga ƙarin da ya kamata a yi. To amma shawara ce kawai. Shugaban kwalejinku yana iya karantawa ya ninke, ya ce asusu babu. Sikotilan ma ta fi ku a nan, can a teburi ɗaya ake yanke wa kowa. Yajin naku kuma na kwanaki ne da ake sanarwa tun da wuri, yau biyu, wani mako uku.

Wannan tsari ne ya bar ku a baya. Malaman sakandare suna da hukumar da ke duba albashinsu ta ba gwamnati shawara, ku ba ku da ita. A 2024 aka ba su ƙarin kashi 5.5 cikin ɗari, gwamnati ta zuba kuɗin, kwalejoji aka bar su suna kallo. UCU na cewa ratar ta kai wajen fam 9,000 a shekara. Ke da ke koyar da lissafi kin fi ni sanin abin haushin: yaron da ya faɗi jarrabawar GCSE a sakandare, ke ake turo wa ki sake ɗora shi daga tushe, ga aji cike, amma wanda ya sako miki shi ya fi ki ɗauka.

Yanzu ga dalilin da na ce ki ɗauko ambulan. Dokar ƙwadago ta 2016 ta kawo sharaɗin cewa sai rabin 'yan ƙungiya sun mayar da takardarsu kafin ƙuri'ar ta yi aiki, kuma galibi kwaleji-kwaleji ake ƙirgawa. Na koyar da aikin lantarki a irin kwalejinku kafin in yi ritaya, na kuma ga shekarar da kusan duk wanda ya jefa ya ce a yi, amma muka gaza kai rabin da 'yan takardu ƙalilan. Shugabanmu ya shigo taro yana murmushi, bai ƙara ko sisi kan tayinsa ba. Daga baya na tarar da ambulan biyu a ɗakin shayi, an ɗora musu kofi. Har yau abin na ci mini rai. Sau da yawa ma ba a kaiwa ga yajin: da hukuma ta ga ƙuri'a ta haye, sai tayi ya canza.

Ko e za ki zaɓa ko a'a, wannan tsakaninki da lissafin gidanki ne, ba zan sa baki ba. Ni dai da ni ne, e zan sa. Ki duba ranar rufewa, ki aika da sauran kwana huɗu ko biyar, don gidan waya ba ya sauri. Ambulan ɗin mayarwa yana ciki, ba sai kin sayi kan sarki ba. Taron reshen ƙungiyarku na gaba kuma ki je, ki yi maganar awannin koyarwa da gyaran takardu, don su ma suna cikin abin da ake ciniki a kai. Ki gaida maigidan, ki ba shi shafin nan ya karanta sakin layin da na yi maganar biza da kansa.