Amsa ga 'yar uwar da aka hana maigidanta gwaiba da tumatir

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce hoto ya nuna tsakuwa a ƙodarsa, dangi kuma sun hana shi gwaiba da tumatir da kankana, wai 'ya'yansu ne ke taruwa su zama dutse. Ni tela ne, ba likita ba, amma ciwon nan ya kayar da ni sau biyu, kuma sai da na biyun na yi hankali.

Karo na farko cikin zafin watan Afrilu ne, ana gab da salla, ɗinki ya yi mini yawa. Nakan wuni a kan keke ban sha ruwan kirki ba, sai lemon kwalba mai sanyi. Wani dare kwiɓina ya ɗaure kamar ana murɗa wuƙa, ciwon ya gangaro mara, fitsari ya koma ja. Da tsakuwar ta fita, ni ma irin shawarar da aka ba ku aka ba ni. Na bi ta sau da ƙafa, ko miya aka yi sai an tace mini tumatir. Shekara biyu ba su cika ba wata ta dawo.

Likitan da ya duba ni a karo na biyu har dariya ya yi. Ya ce ɗan gwaiba hanyar hanji yake bi ya fita da bahaya, ba shi da ƙofar shiga ƙoda. A cikin fitsari tsakuwa ke haɗuwa, in ya yi kauri, kamar yadda gishiri ke daskarewa a gindin tukunya idan ruwa ya ƙone. Mafi yawanta kalsiyam ne, wato sinadarin da ke gina ƙashi, ya haɗu da wani sinadari da ake kira okzalet. To 'ya'yan itace, musamman lemon zaƙi da lemon tsami, suna ƙara wani sinadari da ake kira sitiret a fitsari, shi kuma yana riƙe kalsiyam ya hana shi dunƙulewa. Suna kuma rage tsamin fitsari, wanda shi ke jawo wata irin tsakuwar ta daban. Ashe abin da na ƙaurace wa shi ne mai taimakona.

Daga baya ɗana ya karanto mini wani bincike da masana na jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar a 2009, bayan sun bi mutum sama da dubu 240 tsawon shekaru. Waɗanda abincinsu ya fi yawan 'ya'yan itace da ganye, da ƙarancin gishiri da jan nama da abin sha mai sukari, haɗarin tsakuwa ya ragu musu da kashi 40 zuwa 45 cikin 100. Ki lura, ba lemo kaɗai suka dogara da shi ba, duk tsarin cin ne.

Yanzu da safe nakan matse lemon tsami ɗaya a ruwa, ba sukari. Da rana lemo ko gwanda ko kankana, duk wanda yake lokacinsa. Amma in gaya miki gaskiya, ruwa shi ne babba. Ana so mai tsakuwa ya riƙa fitar da fitsari kusan lita biyu da rabi a yini, wato ya sha kamar ledar ruwa shida, ya ƙara lokacin zafi. Da azumi tsakanin buɗa baki da sahur nake raba nawa. Sai gishiri da magi, wannan a hannunki yake: yawansu na tura kalsiyam cikin fitsari. Uwargidana ta sha mita kafin harshena ya saba.

Kada ku ɗauki lemon kwali ko na kwalba a matsayin ɗan itace, sukarinsa ƙara haɗarin yake. Haka ƙwayar bitamin C da mutane ke saya a kemis suna sha kullum, jiki na mayar da wani ɓangarenta okzalet. A Suwidin an yi bincike a 2013, aka ga mazan da ke yawan shan ta sun kusa ninka sauran wajen samun tsakuwa. Kuma kada a hana shi nono ko madara don an ji sunan kalsiyam. In an ci su tare da abinci, tun a hanji suke kama okzalet. Alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi ne aka ce in sassauta.

Abu ɗaya nake so ki tambayi likitansa: shin ƙodar na aiki yadda ya kamata? In ta yi rauni, ayaba da lemo na iya zame masa matsala saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu, lissafin ya canza ke nan. Ki tambayi girman tsakuwar ma, ƙasa da milimita 5 yawanci da kanta take fita. In ta fito ku tare ta da ƙyalle mai tsabta a kai gwaji, a san irinta. Amma ranar da kika ga zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, kada ki jira gari ya waye, ku wuce asibiti.