Bangon gidan tsofaffi yana laima, magini ya ce a yi masa filastar siminti

Tambaya: Salam Injiniya. Ina zaune a Ingila, kuma ina cikin kwamitin amintattu na wani gidan sadaka na tsofaffi, irin wanda suke kira almshouse, ginin jan bulo ne na zamanin Sarauniya Biktoriya kuma yana cikin rajistar gine-ginen tarihi a mataki na Grade II. Ɗakuna biyu sun yi laima sosai, har baƙin fumfuna ya fito, kuma tsohuwar da ke ɗaya daga ciki tana fama da tari. Maginin da muka kira ya ce a kankare tsohon haɗin da ke tsakanin bulo a cike da siminti, a yaɓe bangon baya da filasta, a sa tagogin roba. Ya ce ba sai an nemi izini ba tunda baya ne. Hankalina bai kwanta ba wallahi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba, dan Allah kar ku sa hannu a wannan aikin.

Maganar izini tukuna, a gurguje. Rajistar ta shafi ginin gaba ɗaya, gaba da baya da ciki, har katanga ko ɗan ɗakin ajiya da ke harabar tun kafin Yulin 1948 yana iya shiga. A dokar gine-ginen tarihi ta 1990, canza fasalin irin wannan gini ba da izinin kansul ba, wato ƙaramar hukumarku, laifi ne da ake kai mutum kotu, kuma kansul na iya sa ku rushe abin da kuka yi ko bayan shekaru ne. Ku amintattu za a nema. Neman izinin ma kyauta ne, jira ne dai sai kun yi haƙuri da shi.

To yanzu simintin, wanda shi ne ya fi damuna, don kusan kullum sai na tarar da ɓarnarsa. Mutane sun ɗauka tunda siminti ya fi ƙarfi to ya fi kyau, kuma idan bango na jiƙa maganinsa a toshe shi. Wannan tunanin ne yake kashe gidajen nan. Yawancin gidajen sadaka na wancan zamanin bangonsu a cike yake, babu ramin iska a tsakiya irin na ginin yanzu, kuma da haɗin farar ƙasa da yashi aka ɗora bulon. An san simintin Portland, wato simintin da muka saba da shi, tun 1824, amma magina sun ci gaba da aiki da farar ƙasa a gidaje har ƙarshen ƙarnin. Irin wannan bangon dama an yi shi ne ya sha ruwa idan aka yi ruwan sama, sannan ya fitar da shi idan iska ta buga, kuma ta layin haɗin nan mai laushi ruwan ke fita. Kina cike layin da siminti kin rufe hanyar, ruwan kuma ba zai daina shiga ba, zai bi ta 'yan tsagogin da simintin zai yi, tunda tsohon gini yana motsi shi kuwa siminti ba ya lanƙwasa, sai ya rasa mafita sai ta cikin bulon kansa ko ta cikin ɗaki, lokacin sanyi ya daskare ya fasa fuskar bulon, bayan 'yan shekaru ki ga layin siminti a tsaye ƙyam bulon ya rarake. Filasta a duk bangon kuwa ta fi muni. Wanda ya san tsofaffin gidajen ƙasa na Kano ko Zariya da aka yi wa filastar siminti ya ga irin wannan, waje sumul, ciki ƙasa ta jiƙe, wata damina sai filastar ta zubo da rabin bangon.

Haka kuma ku yi hattara da masu zuwa da 'yar na'ura su dangwala a bango ta yi ƙara su ce laima ce daga ƙasa, a huda a ɗura sinadari. Na'urar nan don katako aka yi ta, a jikin bango gishiri ma yana sa ta ƙara, kuma mai gwajin shi ne mai sayar da maganin, me kike tsammani zai ce? Abin takaici kuɗin sadaka ne da ɗan abin da tsofaffin ke bayarwa duk sati ake zubarwa a haka.

Ki je ki tsaya bayan gidan ranar da ake ruwa. Sau tari matsalar indararo ce ko bututun ƙarfe da ya toshe ko ya tsage yana zuba a bango, ko an yi ta ƙara ƙasa da daɓe har sun haura gindin ginin sun rufe bulon shan iska, ko an toshe bututun hayaƙi ba a bar masa kafa ba. Gine-ginen nan masu dogayen bututun hayaƙi da rufi mai lungu-lungu, kamar gidan sadaka na Sir William Powell da ke Fulham a Landan wanda J. P. Seddon ya zana aka gina 1869, kyansu ke nan, amma kowane lungu wurin taruwar ganye ne da ruwa.

Tagogin katako a gyara su, a ƙara gilashi na biyu ta ciki, ɗumi zai samu kuma kansul ta fi yarda da shi. Baiwar Allah mai tarin nan kuma kar ta jira sai an gama takardu, a canza mata ɗaki ko a sa na'urar tsotse laima, ta ga likita.

Gobe ki kira jami'in kula da gine-ginen tarihi na kansul ɗinku, ki tuntuɓi ƙungiyar gidajen sadaka ta Almshouse Association, sannan SPAB, ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa 1877, suna ba da shawara ta waya. Duk maginin da zai zo, ki ce ya nuna miki aikin farar ƙasa da ya taɓa yi da hannunsa kafin a yi maganar kuɗi.